Kayarwa, Kifarwa da Tayarwa: Sharhi a kan Fassarar Wasu Aikatau na Ingilishi da Faransanci zuwa Hausa

1. Gabatarwa

A cikin watan Maris na 2025 aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Abin da wannan yake nufi ga masu tsara yaƙi da jahilci shi ne aikin fassara zai ƙaru, kuma daga ƙofa biyu zai riƙa shigowa. A da, Faransanci kaɗai mai fassara na ƙasar nan yake fuskanta. Yanzu ga Ingilishi, ga kuma kalmomin da Hausawan Najeriya suka riga suka ƙera daga gare shi, waɗanda suke ƙetaro iyaka kullum ta rediyo da wayar salula.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba wani ƙaramin rukuni na aikatau, watau waɗanda suke nuna kayarwa, da kifarwa, da tayarwa, a ga yadda ake fassara su cikin jerin kalmomi na harshe biyu da kuma labarun duniya. Abin da muke so mu nuna shi ne Ingilishi da Faransanci sukan ɗauki aikatau guda su shimfiɗa shi a kan tukunya, da ɗan kokawa, da gwamnati, da hukuncin kotu, alhali Hausa ta raba waɗannan bisa ga abin da ya faɗi, da yadda ya faɗi, da ko zai iya tashi. Jerin kalmomin da yake ba da kalma ɗaya a madadin kalma ɗaya yana shafe wannan rabo, kuma mai karatu ne yake yin asara.

Mun ɗauki mai karatu na ƙaramar hukumar El Alasan Mairairai, wadda takardun gwamnati suke rubutawa El Allassane Maïreyrey, a matsayin ma'auni. Ƙasar karkara ce cikin gundumar Mayahi, kusa da ta Tasawa, a jahar Maraɗi, ƙasar jigawa da noman hatsi da wake da kiwo. Babban mutum da ya koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci a can ba ya da Faransancin da zai koma ya duba in jimla ta rikice masa. Abin da kalmar Hausa ta ce masa shi ne labarin duka.

2. Kalmomin Ingilishi da na Faransanci

Kalmomi huɗu ne na Ingilishi suka fi shafar mu: *overturn*, da *overthrow*, da *upset*, da *upend*. Ta farko tana aiki ga mota, da hukuncin kotu, da sakamakon zaɓe. Ta biyu ta fi tsayawa ga sarki ko gwamnati. Ta uku tana da tarihi mai ban sha'awa: a tsohon Ingilishi na wajen ƙarni na 15 ma'anarta ita ce kafawa ko tsayarwa, sai wajen farkon ƙarni na 19 ta koma nufin kifarwa, daga nan ta kai ga ɓacin rai, da kuma nasarar ƙarami a kan babba a wasa ko zaɓe. Ta huɗu har yanzu tana riƙe da ma'ana uku tare: a tsayar da abu bisa gindinsa, a kifar da shi, a yi galaba a kan abokin karawa. Ke nan tsayarwa da kifarwa suna kwana ɗaki guda a cikin kalma guda, sai jimla ce take bambanta su.

A Faransanci aikatau *renverser* shi ne mai wannan faɗi. Da shi ake zubar da kofin ruwa, da shi mota take buge mai tafiya a ƙasa, da shi majalisa take sauke faraminista, da shi kuma soja suke ƙwace mulki. Wanda ya yi karatu da Faransanci ya saba da wannan har ba ya lura. In ya zo fassara sai ya nemi kalmar Hausa guda da za ta ɗauki wannan kaya duka, sau da yawa kuwa *kifar* ko *hamɓarar* yake kamawa.

3. Yadda Hausa ta raba faɗuwa

3.1 *Ka da.* Wannan aikatau na abin da yake tsaye ne, kamar mutum, ko itace, ko rumbu, kuma shi ne abokin *faɗi*: an ka da shi, ya faɗi. Babban filinsa a ƙasar nan shi ne kokawa. Tun 1975, da aka yi gasar takobi ta farko a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauke ta, kowane yaro ya san mene ne *kaye*. Abin lura shi ne kaye yana da doka, yana da alƙali, yana da ƴan kallo, kuma wanda ya sha kaye yakan tashi ya kakkaɓe ƙasa ya dawo baɗi. Saboda haka ne *ka da* ya dace da zaɓe:

(1) Mahaman Usman ya ka da Tanja Mamadu a zagaye na biyu na zaɓen 1993.

Tanja kuwa ya tashi, ya ci zaɓen 1999. Aikatau ɗin bai rufe masa wannan ƙofa ba.

3.2 *Kifar da* da *hamɓarar da.* Kifewa ta mazubi ce, abin da yake da baki da gindi: ƙwarya, tukunya, kwalekwale, amalanke. A nan tsarin giredin aikatau, wanda F. W. Parsons ya fayyace a 1960, yana taimako:

(2) Ta kifa ƙwarya a kan tuwo.
(3) Ta wanke ƙwarya ta kife ta.
(4) Akuya ta kifar da ƙwaryar nono.

A (2) da (3) adanawa ake yi. A (4) kaɗai aka yi asara, don giredi na 5, kamar yadda Paul Newman ya nuna a 1983, yana nuna aikin da yake fitar da abu ya nisanta shi. Wanda ya ce an kifar da gwamnati ya ɗauke ta kamar mazubi, kuma ya ce abin da yake ciki ya zube: majalisa, da tsarin mulki, da sauran hukumomi. *Hamɓarar da* ya ƙara wani abu, watau bugu mai ƙarfi da ba a yi zato ba. Waɗannan biyu sun dace da abin da ya faru a Yamai ran 15 ga Afrilu 1974, da 27 ga Janairu 1996, da 18 ga Fabrairu 2010, da 26 ga Yuli 2023.

Ga inda kuskure yake shigowa. Ran 31 ga Mayu 2007 majalisar dokoki ta jefa ƙuri'ar rashin amincewa da gwamnatin Hama Amadu, ƙuri'ar kuwa ta wuce. Faransanci da *renverser* yake ba da wannan labari, daidai da yadda yake ba da na 2010. Amma a 2007 shugaban ƙasa yana nan daram, majalisa tana zaune, kwana kaɗan bayan haka aka naɗa Saini Umaru faraminista. Ba abin da ya zube. Mai fassarar da ya rubuta wa mutumin Mairairai cewa majalisa ta kifar da gwamnati ya ba shi labarin juyin mulki. Bugu da ƙari, abin da Faransanci yake kira gwamnati a irin wannan tsari shi ne faraminista da ministocinsa, alhali ga manomi *gwamnati* ita ce hukuma baki ɗaya, daga fadar shugaban ƙasa har ofishin magajin gari. Abin da ya dace a rubuta shi ne:

(5) Majalisa ta ka da faraminista da ministocinsa ta hanyar ƙuri'a.

3.3 *Tumɓuke*, *tsige*, *tuɓe.* Biyu na farko daga gona suka fito. Tumɓukewa ta shuka ce mai saiwa, wadda in an fisge ta ƙasa take biyowa. Tsigewa ta abu ƙarami ce, kamar ciyawa ko gashi, ana cire ɗaya a bar saura. Don haka *tsige* ya zauna sosai a kan mai muƙamin da majalisa ta cire shi kaɗai, kamar Balarabe Musa, gwamnan Kaduna, a 1981. *Tuɓe* kuwa na tufafi ne, riga ko rawani, shi ya sa ya zama kalmar sarauta. Abin da aka tuɓe ana iya mai da shi: an tuɓe Sarkin Damagaram Abubakar Sanda a 2001 aka mai da shi a 2011, an tuɓe Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na biyu a 2020 aka mai da shi a 2024. Da *tumɓuke* aka yi amfani da shi a waɗannan labarai, da an faɗi abin da ya wuce gaskiya.

3.4 *Soke*, *rushe*, *jingine.* Hukunci ko doka ba su da gindi balle a kife su. Hausa tana soke magana, tana rushe abin da aka gina. Shekarar 2009 ta ba mu misalin duka biyu cikin mako biyar: ran 26 ga Mayu shugaba Tanja ya rushe majalisa, ran 12 ga Yuni kotun tsarin mulki ta soke dokar kiran zaɓen raba gardama, ran 29 ga Yuni shugaban ya rushe kotun. Hukuma ake rushewa, takarda ake sokewa.

Sai dai akwai wata kalma da take shigowa daga Najeriya, inda ake fassara wata magana ta lauyoyin Ingilishi mai nufin ajiye hukunci a gefe, a ce babbar kotu *ta jingine hukunci*. A ƙasar Mayahi jinginewa sananniyar aba ce. Manomi yakan jingine hauyarsa a gindin rumbu don ya dawo ya ɗauka. Fiye da haka, akwai jinginar gona, inda mai gona yake karɓar kuɗi ya bar gonar a hannun wani har ranar da ya biya ya fanshe ta. Duk abin da aka jingine yana jiran mai shi. Wanda ya ji an jingine hukuncin da aka yanke a kan rigimar gonarsa zai zaci an dakata ne, alhali an kashe hukuncin. *Jingine* ya dace da dakatarwa, *soke* shi ne na kashewa.

3.5 *Ci.* A yaƙi da siyasa *ci* yana kallon abin da aka samu, *ka da* yana kallon wanda aka kai ƙasa. Ana cin gari, ana cin zaɓe, ana ka da abokin takara. Wannan yana da amfani ga masu rubuta littattafan tarihi. Masu jihadi sun ci Birnin Katsina wajen 1807, sun ci Alƙalawa a 1808. Amma gidan sarautar Katsina ya sake zama a Maraɗi wajajen 1819 a hannun Ɗankasawa, na Gobir kuma a Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, duka biyu kuwa suna nan har yau. Littafin da ya ce an kifar da waɗannan sarautu, ko an tumɓuke su, ya saɓa wa abin da ɗalibin Tasawa ko na Mayahi yake gani da idonsa.

4. Matsalar *ta da*

Abokin *ka da* shi ne *ta da*, daga *tashi*, kuma shi ake yawan bayarwa a madadin *raise* na Ingilishi ko *relever* na Faransanci. Haɗarin da yake nan ya bambanta da na baya, don a wannan karo kalmar Hausa ce mai faɗi. *Tashi* yana nufin miƙewa, yana nufin farkawa, yana kuma nufin barin wuri. Saboda haka ana ta da mai barci, ana ta da rumbun da iska ta ka da, ana ta da komaɗar tattalin arziki. Amma kuma ana ta da hankali, ana ta da fitina, ana ta da ƙayar baya. A duba wannan:

(6) Gwamnati za ta ta da ƙauyukan gundumar.

Wanda ya rubuta (6) yana iya nufin bunƙasa ƙauyukan. Wanda ya karanta zai fahimci za a kwashe mutane daga mazauninsu, kamar yadda aka ta da ƙauyuka a bakin kogin Kwara saboda madatsar ruwan Kandaji. A takardar da ta shafi ƙasa da gonaki, jimla irin wannan tana iya sa mutane su juya wa ma'aikatan wani shiri baya tun kafin su buɗe baki. Hausa tana da *raya*, da *farfaɗo da*, da *bunƙasa* don wannan ma'ana. Tana da *ɗaga* ga abin da aka ɗauka sama ko kuɗin da aka ƙara, tana da *tsayar* ga tanon ruwa da aka miƙar bisa gindinsa, wanda shi ne ma'anar farko ta *upend*. Ya kamata a bar *ta da* inda karɓau ya tsare ma'anarsa.

5. Matsalar rubutu

Bayan taron Bamako na 1966, littattafan yaƙi da jahilci na Nijar suna ninka dogon wasali. Bayan taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai a 1980 aka bar wannan hanya, kuma ƙa'idar 1999 ba ta dawo da ita ba. An sami riba babba, don littafin Zariya da na Damagaram sun zama abu guda. Amma akwai abin da ya biyo baya a kan aikatau da muke magana.

A Hausar yamma, wadda ta haɗa da ta Mayahi da ta Tasawa, *da* yakan manne wa aikatau na giredi na 5, a ce *kada*, *tada*, *maida*, *saida*. In ba karɓau a gaba kuma sai a ji *kayas* da *tayas* a inda daidaitacciyar Hausa take da *kayar* da *tayar*. To, in aka rubuta *kada* a haɗe, ba ninkin wasali, ba alamar karin sauti, kalmar ta zama ɗaya da *kada* ta hani, da kuma *kada* na ruwa. A duba:

(7) An ce kada shi ya yi wuya.

Sabon mai karatu zai tsaya a nan, ya rasa ko kayar da mutumin ne ya gagara, ko kuwa hani ake yi. Sa'an nan ga wayoyi da na'urorin da ba su da haruffa masu lanƙwasa, inda *kaɗa ƙuri'a* yake komawa *kada kuri'a*. Labarin zaɓe kuwa shi ne wurin da *kaɗa* da *ka da* suka fi haɗuwa cikin jimla guda. Maganin yana da sauƙi: a rubuta *ka da* da *ta da* a rabe, ko a yi amfani da cikakkiyar siga *kayar da* da *tayar da*. Malami ya bar ɗalibi ya furta yadda ake furtawa a garinsu, har da *kihe* da *hwaɗi*, amma ya nuna masa sigar rubutu guda.

6. Ina laifin yake?

Ba a ce Hausa ta rasa ƙamus ba. Akwai na Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, da na Neil Skinner na 1965, da ƙaramin ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdu Mijingini na 1987, da na Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990, da na Faransanci zuwa Hausa na Caron da Amfani na 1997, da na Hausa zalla na Jami'ar Bayero na 2006. Manyan cikinsu suna ba da misalai cikin jimla, mai haƙuri zai sami abin da yake nema. Sai dai yawancinsu an tsara su ne don baƙo mai koyon Hausa ko don manazarci, kuma ba su ne suke hannun mai fassara ba a ranar da aka ba shi sanarwa da safe aka ce ana so kafin azahar. Abin da yake hannunsa shi ne ɗan jerin kalmomi mai layi biyu da aka yi a wani taron bita, ko kuwa na'urar fassara ta intanet.

Wannan siga ta layi biyu ita muke suka. Tana da amfani ga sunaye, don allura allura ce, rijiya rijiya ce. Ga aikatau kuwa ba ta isa ba, don a Hausa karɓau ne yake zaɓen aikatau. Mai iya cewa ai harshe yana canjawa, in masu rediyo suka daɗe suna cewa *jingine hukunci* mutane za su saba. Gaskiya ne, haka *juyin mulki* da *tsarin mulki* suka shigo har suka zauna. Amma waɗannan sun cike gurbi ne da babu kowa a ciki. *Jingine* ya tarar da *soke* a wurinsa, ya kuma zo da wata ma'ana tasa da take ruɗar da mai saurare a kan haƙƙinsa. Tsakanin ranar da aka fara faɗa da ranar da za a saba, akwai mutanen da za su yi aiki da abin da suka fahimta.

Akwai kuma batun adalci. Wanda ya ce an ka da wani ya yarda an yi karawa bisa doka. Wanda ya ce an hamɓarar da shi ya ce ƙarfi aka nuna. Mai fassarar da ya musanya su ya yanke hukunci a madadin mai karatu, ko ya sani ko bai sani ba.

7. Kammalawa

Shawarwarinmu ga masu tsara littattafai su ne kamar haka. Na farko, a jerin kalmomi na harshe biyu kada a shigar da aikatau shi kaɗai, a shigar da shi tare da karɓau: ka da ɗan takara, kifar da mulki, tsige gwamna, tuɓe sarki, soke hukunci, rushe majalisa, ci gari. Na biyu, kowace shigarwa ta zo da jimla ɗaya ta gida ko ta gona kafin jimlar siyasa, don daga ƙwarya da rumbu mai karatu yake hawa zuwa majalisa. Na uku, a tsai da rubuta *ka da* da *ta da* a rabe cikin dukan littattafan koyo. Na huɗu, kafin a buga kowane jeri, a karanta jimlolinsa ga manya masu koyo a wurare irin su Mairairai, a tambaye su abin da ya faru cikin jimlar, wa ya faɗi, kuma ko zai iya tashi. Amsarsu ce za ta nuna ko fassarar ta yi.

Wannan rukuni ɗaya ne kawai. Aikatau na riƙo da mallaka, irin su *ara*, *ranta*, *jinginar*, *gada*, suna bukatar irin wannan bincike, kuma tun da yawancin shari'un karkara a kan gona suke, su ya kamata a sa a gaba.